Tambaya da Amsa: Ruwa da wutar lantarki a daminar Legas

Tun da ruwan Yuni ya kankama, akasarin wasiƙun da suka iso wannan fili daga Legas suke, kuma kusan duk magana ɗaya suke zagayawa, wato ruwa da wuta. Mun haɗa waɗanda suka yi kama da juna, muka miƙa wa injiniyoyin lantarkin da ke amsa mana tambayoyi, ta ƙarshen kuma suka amsa ta tare da ma'aikatan jinya na sashen gaggawa.

Tambaya: Ni ɗalibi ne a Idi-Araba. Malaminmu na kimiyya ya ce ruwa ba ya ɗaukar wutar lantarki, a gida kuwa kullum Baba faɗa yake kada mu taɓa makunni da jiƙaƙƙen hannu. Wa ke da gaskiya?

Amsa: Ɗan samari, dukansu suna da gaskiya, sai dai ruwan da malaminka yake nufi babu shi a gidanku. Ruwan da aka tace aka raba shi da komai kusan ba ya barin wuta ta wuce. Abin da ke ɗaukar wuta a cikin ruwa shi ne gishiri da ma'adanan da suka narke, suka rarrabu zuwa ƙananan ƙwayoyi masu caji. Da maikrosimens a kowace santimita ake auna wannan. Tataccen ruwa na ɗakin gwaji yana ba da 0.055 a zafin digiri 25. Da zarar ya sha iska sai ya haura zuwa wajen 1. Ruwan famfo da na burtsatse yawanci tsakanin 50 da 800 suke, ruwan teku kuwa, mai gishiri kusan giram 35 a kowace lita, yana kaiwa wajen 50,000. Zafi ma yana ƙara masa, kusan kashi 2 cikin 100 a kowane digiri. Fiya wata ruwan sha ne mai ma'adanai, yana ɗaukar wuta kamar na famfo.

Duk da haka, ko ruwan teku bai kama ƙafar tagulla ba, don tagulla ta ninka shi sau wajen miliyan 10. To me ya sa Baba yake faɗa? Saboda fatarka. Busasshiyar fata tana tare wuta sosai, ƙarfin tarewarta, wanda ake aunawa da om, na iya kaiwa 100,000. Idan ta jiƙe, ruwan ya haɗu da gishirin gumi ya cike ƙofofin fata, tarewar jiki gaba ɗaya tana faɗowa zuwa wajen om 1,000. Wutar gida a Najeriya bolt 230 ce. Yawan wutar da za ta ratsa jiki ana samunsa ne a amfa idan aka raba bolt da om, amfa ɗaya kuma miliamfa 1,000 ne. Raba 230 da 100,000, ka sami miliamfa 2 da ɗoriya, zirr ɗin da ke sa mutum ya fizge hannu. Raba ta da 1,000, ka sami miliamfa 230. Mutum yana fara jin wuta a wajen miliamfa 1. Daga 10 zuwa 16 naman hannu yana ƙanƙamewa har ya kasa sakin abin da ya riƙe. Daga 50 zuwa 100, idan ta bi ta ƙirji, tana iya rikita bugun zuciya ta kashe. Ga shi kuma jiƙaƙƙen siminti yana haɗa tafin ƙafarka da ƙasa, ita kuwa wuta ƙasa take nema. Ka ji maganar Baba.

Tambaya: Ina dafa ruwan wankan yara da hita a bokitin roba. Jiya na tsoma yatsa in ji ko ya yi zafi, sai wuta ta ja ni har kafaɗa. Hitar tana aiki lafiya lau. In ci gaba da amfani da ita? Uwargida daga Agege.

Amsa: Hajiya, Allah ya tsare gaba. Wannan hitar ta gama aiki, ki yanke wayarta ki jefar, kada wani ya tsinta ya jona. A cikin murɗaɗɗen bututun nan akwai siririyar waya mai zafi, an kewaye ta da wani farin gari da ke raba ta da bangon bututun. Idan aka taɓa kunna hita ba ruwa, ko ruwan bai rufe ta ba, bututun yana tsagewa, ruwa ya shiga, wuta ta fito cikin bokiti. Za ta ci gaba da dafa ruwa kamar babu abin da ya faru. Bokitin roba ba ya kai wutar ƙasa, don haka fis ba ya ƙonewa, ruwan yana nan ɗauke da wuta yana jiran wanda zai tsoma hannu yana tsaye ba takalmi a kan jiƙaƙƙen daɓe. Jiya ke kika zama hanyar.

Idan dole sai hita, ga yadda ake yi. A sa ta cikin ruwa tukuna, a rataye ta a busasshen katako, ruwan ya rufe murɗin amma bai kai mariƙin roba ba, sannan a jona. Kafin a taɓa ruwa ko bokiti a zare filogi daga bango, kashe makunni kaɗai bai isa ba, don sau da yawa masu wayarin suna juya wayoyi, makunnin ya yanke nutural, wato wayar da wuta ke komawa ta cikinta, ya bar mai wutar. A bar ta ta huce kaɗan a cikin ruwan kafin a ciro. Maimakon yatsa ki riƙa duba agogo: hita mai wat 1,500 tana ɗaga lita 20 daga digiri 27 zuwa 45 cikin kamar minti 17 idan wuta cikakkiya ce. Kuma a rufe ƙofa a kan yara har a gama.

Wadda samari ke haɗawa da reza biyu ko cokula biyu kuwa, ita ba ta ma da bututun. Ta cikin ruwan kansa wuta take bi ta zafafa shi, wato tun daga daƙiƙar farko ruwan wuta ne. Kada a bari ta kwana a gida.

Tambaya: Ina da gidan ruwa kusa da Mile 12, 'yan ga-ruwa na ɗiba a wurina. Duk sanda aka kunna sumo, injin jan ruwa da ke cikin rijiyar burtsatse, kan famfon ƙarfe yana ɗan jan su. Birekar ba ta taɓa faɗuwa ba, shi ya sa na ɗauka ba wani abu ba ne.

Amsa: Alhaji, wani abu ne babba, a kashe injin yau har a gyara. Shirun bireka ba shaida ba ce. Aikinta kare waya daga ƙonewa, sai wuta ta wuce amfa 20 ko 32 da aka rubuta a jikinta take faɗuwa. Amfa 20 miliamfa 20,000 ke nan, alhali ƙasa da 100 na iya kashe mutum.

A sumo, wuri uku ake fara zargi. Na farko mahaɗar waya da ke cikin rijiyar, inda aka ƙara tsawon wayar injin. Da yawa baƙin salatif kawai suke naɗawa, bayan 'yan watanni ruwa ya ratsa. Mahaɗar da ta dace ita ce ta ƙaro da ake zubawa ya daskare, ko ta robar nan mai manne a ciki da ake gasawa ta ƙanƙame. Na biyu wayar da ta goge a bakin bututun rijiya lokacin saukar da injin. Na uku naɗin cikin motar injin da ya fara lalacewa. Mai gyara zai cire wayar daga akwatin kunnawa ya gwada ta da mega, na'urar da ke tura bolt 500 tsakanin kowace waya da jikin injin. Idan awon ya gaza megom 1, wato om miliyan ɗaya, akwai yoyon wuta, sai an ciro injin. Testa mai ɗan haske ba ta iya wannan aikin.

Bayan gyara akwai abu biyu da ba a yi wa rowa. Na ɗaya wayar ƙasa, mai launin kore da rawaya: ta tashi daga jikin injin, ta haɗa da bututun ƙarfe da ƙafafun tanki, ta ƙare a sandar ƙasa mai rufin tagulla, kauri milimita 16, tsawo aƙalla mita 1.2, an kafa ta a wuri mai danshi an ɗaure da matsi na tagulla. A auna ta, a nemi ta kasance ƙasa da om 200, in ta fi haka sauka ma ya fi. A ƙasa mai yashi irin ta Lekki da Ajah sau da yawa sai an ƙara tsawon sanda ko an kafa biyu. Gishiri da gawayin da aka saba zubawa suna rage awon da farko, amma damina tana wanke gishirin, kafin nan kuma ya ci sandar. Yumɓun bentonait ya fi daɗewa.

Sai dai sandar ita kaɗai ba ta wadatar. A ce awonta om 50 ne, wayar wuta ta taɓa jikin injin. Raba 230 da 50, amfa 4.6 ne kacal za su bi ƙasa. Bireka mai amfa 20 ba za ta ko motsa ba, famfo zai wuni da wuta. Shi ya kawo abu na biyu, RCD, wadda a shagunan kayan wuta na Alaba aka fi sani da RCCB ko ELCB. Ita tana kwatanta wutar da ta fita ta wayar wuta da wadda ta dawo ta nutural. Idan suka bambanta da miliamfa 30, ta san wani kaso ya bi wata hanya, wataƙila ta jikin mutum, sai ta yanke cikin ƙasa da sulusin daƙiƙa. Ka duba jikinta da idonka: 30mA ko 0.03A. Masu miliamfa 100 da 300 na hana gobara ne, ba sa kare rai. Tana da maɓalli mai harafin T, a danna shi duk wata uku lokacin da akwai wuta. Idan ba ta faɗi ba, a canza ta. Wanda zai yi aikin kuma ya zama mai takardar shaidar NEMSA, hukumar da ke duba ingancin ayyukan lantarki a Najeriya.

Tambaya: Na sa ELCB a wurin wankin motata a Obalende, amma kullum faɗuwa take, musamman in an yi ruwa. Mai wayarin ya ce bari ya tsallake ta a huta.

Amsa: Malam, kada ka yarda. Ruwa ba ya tsami banza, akwai inda wuta ke yoyo, kuma yaranka tsaye suke cikin ruwan sabulu, wanda ya fi ruwan famfo ɗaukar wuta. Ka zare duk filogi, ka kashe birekoki duka, ka ɗaga ELCB, sannan ka riƙa kunna su ɗaya bayan ɗaya. Layin da ya kayar da ita shi ne mai laifi. Idan babu wanda ya kayar, sai ka jona injinan ɗaya ɗaya. A wurin wanki yawanci ekstenshan ne da ke kwance a ƙasa, ko soket ɗin waje da feshi ke shiga, ko wayar injin feshi da taya ta taka. A ɗaga soket sama da mita 1 a bango, a sa mai murfi wanda aka rubuta IP65 ko IP66 a jikinsa, waya ta zama guda ba mahaɗa, a rataye ta sama. Idan kuma sai an koma janareta take faɗuwa, galibi an cakuɗa nutural ɗin janareta da na layi ne, ana bukatar canjoba, wato makunnin sauya wuta tsakanin layi da janareta, mai yanke wayar wuta da ta nutural duka. Ka sa a duba wani abu ma: ƙananan janareta da yawa nutural ɗinsu ba a haɗe yake da jikinsu da ƙasa ba, a haka ELCB tana iya ƙin faɗuwa ranar da ake bukatarta. Ƙwararre ne zai gwada ya haɗa.

Tambaya: Muna zaune a Ijora Badiya. In aka yi ruwa mai ƙarfi yakan shigo ɗaki har gwiwa, ya rufe soket. Tunda yawanci ana ɗauke wuta in ana ruwa, akwai matsala in na shiga kwashe kaya?

Amsa: Akwai, ɗan'uwa. Wutar da aka ɗauke ba ta sallama kafin ta dawo. Ko ba ta dawo ba, maƙwabcin da ya jona janareta kai tsaye ba canjoba yana iya turo wuta cikin layinku. In akwai inbata a gidan, ita da an ɗauke wuta ma take fara aiki, faifan sola kuma muddin akwai hasken rana suna ba da wuta, jerin su na iya kaiwa ɗaruruwan bolt.

Tun ruwa bai shigo ba ake kashe babban makunni da inbata, a ɗora firij da ekstenshan a kan tebur. Idan ya riga ya shigo, kuma ba za ka kai ga makunnin ba sai ka taka ruwa, ka bar shi. Ku fita, a kira kamfanin rarraba wuta na yankin, na Eko ko Ikeja Electric, su yanke daga falwaya. Silifa ba kariya ba ce a ruwan da ya wuce idon sawu.

Bayan ruwa ya janye ma kada a yi gaggawar kunnawa. Ruwan kwata yana barin laka mai gishiri a cikin soket da bireka, ko ta bushe, da ta sake shan danshi za ta ɗauki wuta, ga tsatsa. Duk soket da birekar da suka nutse a canza su, a gwada wayoyin da mega, firij da fanka su bushe sosai mai gyara ya duba. In za a sake wayarin, a ɗaga soket sama da alamar da ruwa ya bari a bango.

A titi kuma, in ka ga waya ta faɗo, ko a ruwa ko a tudu, ka ɗauka da wuta a jikinta ko da ba ta tartsatsi, don wasu layukan unguwa bolt 11,000 ko 33,000 suke ɗauke da shi. Ka tsaya nesa da aƙalla mita 10. Wutar tana bazuwa a ƙasa tana raguwa da nisa, saboda haka in ka yi dogon taku, ƙafa ɗaya tana kan ƙarfin wuta daban da ɗayar, sai ta shiga ta wannan ta fita ta waccan. Wanda ya tsinci kansa kusa ya haɗe ƙafafunsa ya riƙa jan su a hankali ba tare da ɗagawa ba. Masu okada da Keke su kula da turakun fitilar titi na ƙarfe da shingen taransfoma in ruwa ya taru a gindinsu. Lambobin gaggawa na jihar Legas su ne 112 da 767.

Tambaya: Ina kiwon tarwaɗa a Ikorodu, ina shiga kududdufin da injin ruwa a kunne. An ce mini ruwan gishiri ne mai haɗari, nawa kuwa ruwan daɗi ne.

Amsa: An juya maka zancen, Malam. Jinin mutum da ruwan jikinsa suna da gishiri, jini yana kaiwa wajen maikrosimens 7,000, ya ninka ruwan kududdufinka sau da yawa. Idan wuta ta yi yoyo cikin ruwan daɗi, jikinka ya fi ruwan sauƙin bi, sai ta taru ta ratsa ka. A ruwan teku akasarinta ta gefenka take wucewa, ko da yake kusa da wayar can ma mutuwa ce. Kuma a cikin ruwa ba sai ta tsayar da zuciya ba: miliamfa 10 zuwa 20 sun isa su sandare gaɓoɓi, mutum ya kife ya nutse a ruwan da bai kai ƙugu ba. Tafkin Legas ma da damina ruwan koguna yana rage masa gishiri sosai, masu aiki a bakinsa su sani. Ka zare filogin injin kafin ka shiga, ka sa shi a bayan RCD mai 30mA. In ka ji tsikar jiki ko zirr a ruwa, ka juya ta inda ka fito, kada ka kama tsanin ƙarfe.

Tambaya: Wani mai tallan matatar ruwa ya tsoma wasu ƙarafa masu wuta a ruwan gidanmu, nan take ya koma ja da dauɗa. Ya ce guba muke sha. Kuma zan iya zuba wannan ruwan a batirin inbata? Daga Alaba Rago.

Amsa: Hajiya, jan da kika gani daga ƙarfensa ya fito. Ruwanki yana da ma'adanai, wuta ta wuce, sandar ƙarfen ta narke ta zama tsatsa. Ruwan matatarsa ba shi da ma'adanai sosai, wuta ba ta wuce ba, ya zauna garau. Ko ruwan kwalba mai kyau haka zai yi ja. Gwajin bai ce komai ba game da ƙwayoyin cuta, kuma na'urar kanta abin tsoro ce, kada yaro ya taɓa kofin. Ma'aunin ruwan sha na Najeriya ya amince da har maikrosimens 1,000, da narkakkun ma'adanai miligiram 500 a lita. In kina shakka, ɗakin gwajin ruwa za a kai. Batir kuwa tataccen ruwan batir kaɗai ake zuba masa, don ma'adanan ruwan burtsatse suna lalata farantan ciki.

Tambaya: In wuta ta kama mutum a gabana, me zan fara yi? A unguwarmu madara ake ɗura masa, wasu su watsa masa ruwa. Mahauci daga Oko-Oba.

Amsa: Ka fara da hana kanka taɓa shi, don sau da yawa mai ceto ne ke zama gawa ta biyu. Kashe babban makunni, ko zare filogi, ko kashe janareta. In ba hali, ka tsaya a kan busasshen katako ka ture wayar ko hannunsa da busasshiyar sanda ko kujerar roba. Wannan na wutar gida ne kawai. In babban layi ne, ba sandar da za ta kare ka, sai an yanke wutar.

Da ya rabu da wuta, ka kira shi ka duba numfashinsa, kada dubawar ta wuce daƙiƙa 10, wani kuma ya kira 112. In ba ya numfashi, ko yana wani irin shaƙuwa jefi-jefi, kwantar da shi rigingine a wuri mai tauri, ɗora tudun tafin hannunka a tsakiyar ƙirjinsa, ɗayan a kai, ka riƙa dannawa zurfin santimita 5 zuwa 6, sau 100 zuwa 120 a minti. Wanda ya koya ya hura masa iska sau 2 bayan kowane danni 30, wanda bai koya ba ya ci gaba da danni kawai, ana karɓar juna har taimako ya zo. In yana numfashi amma bai farfaɗo ba, a juya shi ta gefe. Madara ba ta fitar da wuta daga jiki, babu ma wutar da ta rage a ciki, kuma ɗura wa wanda ya suma abu yana iya sa ya shaƙe. Ƙuna kaɗai ake zuba wa ruwa mai sanyi, na minti 20, nesa da inda wutar take, ba man shafawa ba manja.

Ko ya miƙe ya ce lafiyarsa ƙalau, in ya suma, ko wutar ta riƙe shi, ko yana jin ciwon ƙirji ko bugun zuciya, ko akwai tabon ƙuna, ko mace ce mai ciki, a kai asibiti a yi awon zuciya na ECG. Ɗan tabo a tafin hannu yana iya ɓoye ƙuna mai zurfi a cikin nama. In kuma wuta ta tashi a soket ko firiza, kada a watsa ruwa kafin a yanke lantarkin. A yi amfani da tukunyar kashe gobara ta iskar CO2 mai baƙin tambari, ko ta gari mai shuɗi, in babu ko ɗaya a zuba busasshen yashi.